A Ma'auni

Ranar Talata aka mayar wa Lurwanu kayan gaisuwarsa. Ko ƙullin goron ba a kwance ba.

Laure na bakin madafa ta ga an fice da su a bayan keke. Ba yarinya ba ce, shekararta ashirin da uku, malamar aji biyu ce a firamaren unguwarsu a Rogo, yara hamsin da ɗoriya suna shiga taitayinsu in ta ɗaga gira. Amma ranar ta yi kuka har Inna Mero, mahaifiyarta, ta ce ta matsa daga gaban tukunya kar ta ƙara wa miya gishiri.

Duk kuwa a kan kalma biyu.

A shekarar ne aka aiko wa makarantu takarda cewa daga aji ɗaya zuwa uku a riƙa koya wa yara komai da Hausa, Turanci ya zama darasi guda, sai sun shiga aji huɗu a juya. Gari ya ɗauka. A rediyo musu, a teburin mai shayi musu, har masu sayar da rake da ba su taɓa taka ƙofar aji ba kowa ya zama gwani. Wasu na cewa an ji tausayin yara. Wasu na cewa dabarar manya ce, nasu 'ya'yan na Kano suna zuba Turanci, na talaka a bar su da abin da suka zo da shi daga gida.

Aka kira taron iyaye da malamai. Shugaban iyaye Malam Isyaku ne, mahaifin Laure, tsohon malamin ofishin hakimi a Karaye, mutumin da ko akuya ta ci masa shuka shi ke ba mai akuyar haƙuri. Ya tashi ya ce shi bai yarda ba. Hausa a gida ake samunta kyauta, in yaro ya zo makaranta a ba shi abin da babu a gida.

Lurwanu, malamin aji uku, wanda saura ƙiris a sa ranarsu da Laure, shi hedimasta ya ce ya yi bayani. Ya kuwa yi, har aka fara gyaɗa kai. Da ya tsaya nan, da yanzu zancen lefe ake. Sai daɗin baki ya kwashe shi. Ya juyo wajen surukinsa na gobe, a gaban mutum sun fi ɗari, ya rusuna cike da ladabi ya ce:

"Ai ko kai Baba, da harshen uwarka ka fara sanin duniya."

Wurin ya yi tsit. Wani tsoho a baya ya saki salati.

A littafin da Lurwanu ya karanta a kwaleji haka Turawa ke kiran harshen farko na mutum, shi kuma ya ɗauko shi ɗanye ya juye wa mutane. Ya manta cewa a Rogo ba a duban dattijo a ce masa "uwarka" a tashi lafiya, ko me aka jingina a gabanta.

Malam Isyaku ya laluba takalmansa ya tafi.

Da yammacin Talatar Laure ta same shi a kan buzu a tsakar gida, ta durƙusa.

"Baba, wallahi ba zagi ya yi nufi ba."

"Na sani."

Ta ɗago kai. Ta shirya rantsuwa kusan goma, ga shi ba a bukatar ko ɗaya.

"Na san ba zagi ba ne," ya ce. "Tun a wurin na yafe masa. Amma ba zan ba shi ke ba."

"To me ya yi, Baba?"

"Ba zan yi miki dole ba, Laure. Sunusi ya aiko neman aurenki, Asabar bayan la'asar manyansa za su zo. In kin ce a'a, a'a ce. Amma malamin nan, ba zan iya kallon fuskarsa a zaurena har ƙarshen rayuwata ba. Tashi ki je."

Ta tashi, hawaye na zuba. Sai dai a ƙarƙashin kukan akwai wani abu da ya fi kukan hana ta sakat. In ya san ba zagi ba ne, in har ya yafe, to mene ne a cikin kalmar nan da ya taɓa Baba haka? Laure irin mutanen nan ce da in agogo ya tsaya sai ta buɗe bayansa ta ga dalili, tun tana ƙarama ake dukanta a kan haka ba ta daina ba.

Shi kuwa Sunusi ma'aikaci ne a ofishin ilimi na Karaye. Da hannunsa ya raba takardar nan a makarantu, a kan babur ɗinsa ja. A ofis yabonta yake, a zauren Malam Isyaku kuma ya fi kowa kushe ta. Ko gaisuwa yake sai ya yayyafa mata Turanci. Laure ba ta tsane shi ba. Abin dai in ya tafi, sai ta nemi abin da ya faɗa ta rasa.

Washegari da aka tashi yara hutun ƙarfe tara, ta iske Lurwanu a gindin dalbejiyar bayan aji uku. Ya rame a kwana huɗu, rigarsa ko guga babu.

"Sannu da aiki, Malam mai fassara."

"Laure, don Allah kar ki haɗu da masu yi mini ba'a."

"Da wa zan haɗu? Kai da kake koya wa yara Hausa, kai ne ba ka san abin da ake cewa da wanda ba a cewa ba? Harshen gida bai ishe ka ba? Harshen da aka tashi da shi bai ishe ka ba?"

"Yana fita daga bakina na ji shi," ya ce. "Wallahi da ana kamo magana da na bi ta da gudu. Sau uku na je wajen Baba da kawuna ban haƙuri. Ya karɓe mu, ya ba mu ruwa, ya ce ba komai. Wannan ba komai ɗin ne ya kashe ni."

Ta zauna a ƙarshen benci, nesa da shi kaɗan saboda idon mutane.

"Amma maganar da na je yi gaskiya ce," ya ci gaba, don malami ko ana yankansa sai ya ƙarasa darasi. "Jiya na ce su rera jumlar Turancin nan mai cewa wannan kofi ne. Suka rera har rufi na amsawa. Na ce da Turanci wani ya miƙo mini kofin, ga shi a kan tebur. Yara arba'in suka juya suna kallon ƙofa. Shekara uku suna rera abin da ba su san mene ne ba, Laure."

"Na sani. Daga ajina suka zo."

Ya zaro wata takarda daga aljihu. "Na rubuta neman canji zuwa Tudun Kaya. Litinin zan miƙa. Ba zan iya zama nan ina ganin babur ɗin nan a ƙofar gidanku ba."

Nan kukan ya ƙwace mata.

"Haka za ka yi? Ka ɓata, ka tattara, ka bar ni da share wurin? Shekara biyu ina ce wa kowa a'a saboda kai. Ko da yaushe ka fi kowa bayani, yau da ake bukatar ka tsaya sai ka nemi mota?"

"To me zan yi? Faɗa mini in yi."

"Ka riƙe takardar nan zuwa Litinin." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ba kai ka yi wa Baba ciwon nan ba. Taka shi ka yi. Ina so in san wa ya yi shi."

Ranar Juma'a ta ritsa Inna Mero tana tsince shinkafa. Ta zauna ta sa hannu, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce:

"Inna, wai ni wace ce kakata ta wajen Baba? Ko sunanta ban taɓa ji ba."

Inna ta dubi ƙofa. "Ke dai bakinki ba ya hutawa."

"Don Allah."

"Bafulatana ce, daga rugagen Falgore. Aurensu da kakanki bai daɗe ba. Babanku na da shekara biyar aka ɗauko shi aka kai Karaye wajen dangin uba." Ta rage murya. "Shekara talatin ina gidan nan, sau ɗaya ya yi mini zancenta. Ya ce ta tafi tana fushi da shi. Wai da ya je tana gargara, ta dube shi ta ce: a ma'auni."

"A ma'auni?"

"Wato sai sun haɗu ranar da za a auna ayyuka. Ita ce kalmarta ta ƙarshe gare shi. Ba ki jin sa bayan salla?"

Tun tasowar Laure take jin Baba in ya shafa addu'a yana cewa a hankali, "a ma'auni, a ma'auni." Ta ɗauka tsoron Allah ne irin na manya. Tun ranar taron nan kuwa ba ya rufe baki da ita.

"Wa ke wurin da ta faɗa?"

"Sai ko Hajjo, ƙanwarsa ta wajen uwa. Duk kaka yana aika mata dawa, amma ƙafarsa ba ta taka Falgore ba tun ina amarya." Inna ta kama hannunta. "Kar ki je ki tono mana abin da ya fi ƙarfinki."

Da hantsin Asabar Laure na bayan a-kori-kura mai zuwa Falgore, tsakanin buhunan masara da wata mata mai kaji.

Ta sami Goggo Hajjo tana kaɗa nono a inuwar rumbu. Doguwa ce siririya, ta haura hamsin, Hausarta tsaf amma da ɗan karin Fulani. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Rogo gida-gida, aka kawo fura. Sai da Laure ta sha ta ajiye ludayi sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, tun daga taron har zuwa maganar Inna.

Goggo ta daina kaɗawa.

"Fushi? Dada, uwarmu, ta yi fushi da Yaya? Matar da kullum in ta ji ƙarar keke sai ta leƙa?"

"Haka ya ce. Wai ta ce masa a ma'auni."

"Ke 'yar nan, Dada ba ta da Hausar da ta wuce ta sayar da nono. A ina za ta samo ma'auni?" Ta matso kusa. "Sake faɗa. A hankali."

"A ma'auni."

"Da sauri kuma."

"A ma'auni. Amauni."

Goggo ta dafe ƙirji. Bakinta ya motsa ba sauti, sau biyu. Sai ta miƙe tsaye har ƙwaryar ta kusa kifewa.

"Shekara arba'in da ɗaya," ta ce. "Innalillahi. Ni ina nan ina cewa kunyarmu yake ji."

"Goggo, mene ne?"

"Ɗauko mini mayafina a kan gado."

"Don Allah ki faɗa mini."

"Ba ke za a fara faɗa wa ba. Shi ya daɗe yana jira."

Duk tsawon hanya Laure ta yi dabarar duniya, Goggo ko kallonta ba ta yi ba. Wannan ce tafiya mafi tsawo da ta taɓa yi, ga amsa zaune a gefenta ta ƙi buɗe baki.

Jim kaɗan bayan kiran la'asar suka shiga gida. Malam Isyaku ya idar da salla, ya sa babbar riga saboda baƙi. Da ya ga wadda ke bayan Laure sai carbin ya suɓuce masa.

"Hajjo? Lafiya? Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu, Yaya, sai wadda ta rasu tuntuni." Ta zauna a bakin buzunsa ba tare da an ce ta zauna ba. "Faɗa mini ranar da ka zo wajen Dada."

Ya dubi Laure. Ta sunkuyar da kai, ta san ta yi laifi, amma ko da sanda ba za ta bar wurin ba.

Ya ɗauki carbin, sannan ya fara.

"Da aka kai ni Karaye ba na jin Hausa ko kaɗan. In na yi Fulatanci a gida a yi mini dariya, a makaranta kuma bulala. Na ƙudura a raina sai na fi su Hausa. Na kuwa fi su. Kafin shekara uku na nemi Fulatancin na rasa." Ya ja carbi. "Shekara goma sha uku ban je na gan ta ba. Me zan ce mata? Da wane baki? Sai da aka aiko tana jinya. Na tsaya a ƙofar bukka, da farin wando da alƙalami a aljihu. Ta buɗe ido ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce a ma'auni. Ta sake cewa a ma'auni. Ta ƙara wasu maganganu ban tsaya ji ba. Na fita na hau kekena."

Inna Mero na tsaye a ƙofar ɗaki, hannunta a baki.

"Shi ya sa da suka ce za a haɗa wa yaro harshe biyu na ce ƙarya ne," ya ce. "Ɗaya ke korar ɗaya, a kaina aka gwada. To in dole ɗaya ya tafi, gara wanda ya rage ya zama mai ba da aiki. Sai yaron nan ya tashi a gaban jama'a ya ce da harshenta na fara sanin duniya. Gaskiya ya faɗa. Da shi na fara, na kuma yar da shi, ita ma na yar da ita."

"Ka gama?" in ji Hajjo. Hawaye na bin kumatunta amma muryarta ba ta rawa. "Ina wurin, Yaya. Shekarata goma, ina riƙe da kanta. Kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba. Ta buɗe ido ta ga mutum ya cika ƙofa. Ɗan da aka ɗauke mata bai kai tsawon turmi ba. Ta ce, a mawni. A mawni, ɓingel am."

"Shi na faɗa."

"Ba Hausa ta yi ba. Ka girma, ta ce. Ka girma, ɗana."

Hajjo ta share kumatu ta ci gaba.

"Dariya take yi, Yaya, ba ka gani ba? Bakinta ne ya karkace da ciwo. Sannan ta ce, a nyaami na? Ka ci abinci? Ta ce in tashi maza in dama maka fura, ka sha hanya. Na fito da ƙwarya ba ka nan. Har ta cika tana tambayata ko ka sha."

Malam Isyaku ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suka shiga girgiza. Laure ba ta taɓa ganin kukan mahaifinta ba, ta kuma gane ba ta son sake gani. Ta yi ta neman amsar nan kwana biyar, yanzu da ta samu tausayi ya hana ta jin daɗinta.

"Me ya sa ba ka tambayi kowa ba?" in ji Inna Mero cikin kuka. "Kullum masu nono na shigowa gidan nan."

"Wa ke kai bakin uwarsa kasuwa a fassara masa?" ya ce daga cikin riga. "Na ɗauka na ji. Hausa ce sarai a kunnena."

Laure ta matso a kan gwiwoyinta.

"Baba, yaran ajina ma haka suke. Suna ɗauka sun ji." Ta ji tsoron abin da za ta ƙara, amma ta ƙara. "Goggo na da harshe biyu, babu wanda ya kori wani, don ba a dake ta a kan na farko ba. Abin da aka yi maka ne Lurwanu ke roƙo kar a yi musu. Bakinsa ne ba shi da linzami."

Kafin ya amsa aka ji ƙarar mota ta tsaya a waje, sannan sallama daga zaure, murya uku a haɗe. Manyan Sunusi sun iso, ba su yi latti ko da minti ɗaya ba.

Malam Isyaku ya sauke hannun riga, ya share fuska, ya gyara hula.

"Mero, a kai musu tabarma da ruwa. Zan fito in ba su haƙuri, sun sha hanya a banza." Ya juyo ga Laure. "Malamin nan naki. Ki aika masa ya turo kawunsa gobe da kayan nan. Kuma kafin ya sake tsayawa gaban mutane, ya samo wa abin wani suna. Ban ce na yarda da takardarsu ba, zan dai zo in zauna a ajinsa in gani da idona."

Laure ta kifa kai a gwiwa, kuka da dariya suka haɗe mata.

Ya miƙe, ya yi taku biyu wajen zaure, sai ya tsaya. Bai juyo ba.

"Hajjo."

"Na'am, Yaya."

"Ranar ban ci komai ba. Tun asuba nake kan keke." Muryarsa ta yi ƙasa. "Yaya ake cewa ban ci ba?"

"Mi nyaamaayi."

Ya gwada, harshen ya karkace masa irin na Bakano. Hajjo ta gyara masa. Ya sake. Baƙi na zaure suna ƙara sallama, shi kuwa yana tsaye a tsakar gida, dattijo mai shekara kusan sittin, yana maimaitawa a hankali har ta zauna masa daidai.

"Mi nyaamaayi, Dada."